Daɗin Wasa ko Ƙarfin Inji? Muhawarar da Ta Kaure a Zauren 'Yan Gem na Legas

Mai Gidan Gem, Agege: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ta gaskiya. Kun san shagona, injinan gem na PlayStation ne a ciki: PS4 huɗu ne, sai PS2 guda biyu a lungu waɗanda na gada wurin yayana. Wani yaro ya buɗe sabon gidan gem a layin bayanmu, ya zuba PS5 uku da manya-manyan talabijin, har da kujerun nan masu juyawa. Sati biyun farko kamar an yi shara a shagona, kowa ya tafi ganin amarya. Yanzu kuma ga su nan suna dawowa ɗaya-ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai, jiya bayan isha'i layin da ke kan PS2 ya fi na PS4 tsawo, magidanta ne da gemunsu suna ta musu a kan gem ɗin ƙwallon nan Winning Eleven kamar za su daku. To in sayar da PS4 biyu in cika kuɗi in ɗauko PS5, ko in zauna a matsayina?

Auta, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Yaya. Wannan ai ba ya buƙatar shawara, ka sayar kawai. PS4 tun 2013 take, PS5 ta fito a 2020, mu kuma muna nan muna jan ƙafa. Duk wanda ya ga ciyawar fili da gumin 'yan wasa a PS5 ba zai sake kallon PS2 ba sai don dariya. 'Yan ƙwallon PS2 fa fuskarsu kamar an sassaƙa turmi.

Direban Apapa: Kai Auta, shekararka nawa lokacin da PS2 ta fito?

Auta, Idi-Araba: Ba a haife ni ba Oga 😂 amma ai ina da ido.

Direban Apapa: To shi ya sa.

Malamin Lissafi, Obalende: Bari in shigo da alƙaluma tunda sana'ata ce. Auta, abin da maganarka ke nufi shi ne injin da ya fi ƙarfi shi ke cin kasuwa, kuma tarihi bai tsaya maka ba. A 1989 Nintendo ta fitar da Game Boy, allo ɗan mitsitsi, babu kala, sai wani kore-kore kamar ruwan kududdufi. Da shekara ta zagayo Sega ta fito da Game Gear mai kala da haske, wadda ko makaho ya shafa ya san ta fi kyau. Sai dai batir shida take ci, kuma cikin awa uku zuwa biyar ta zuƙe su tas. Game Boy batir huɗu ne, ka wuni kana jera bulon Tetris ba su mutu ba. Ƙarshen zance, an sayar da Game Boy da ƙanwarta mai kala sama da miliyan 118, Game Gear ta tsaya wajen miliyan 10.

Ita PS2 da kake wa dariya a 2000 ta fito. Xbox da GameCube suka biyo ta a 2001, kuma dukkansu sun fi ta ƙarfin ciki. Ta haura miliyan 155, su biyun ko an haɗa su ba su kai miliyan 50 ba. A 2006 aka sake maimaitawa: Wii ta Nintendo ko hoton HD ba ta iya fitarwa, amma ta wuce miliyan 100, ta bar PS3 da Xbox 360 kowacce a miliyan tamanin da 'yan kai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Injiniya, Computer Village: Malam, alƙalumanka daidai ne, amma ka tsinto waɗanda suka yi maka daɗi ne ka bar sauran a faranti. Ina Wii U? Kamfanin nan dai da kake yabo, a 2012 ya sake fito da inji mara ƙarfi da sabuwar dabara, ko miliyan 14 bai sayar ba. Ina PS4? Ta fi Xbox One ƙarfi, ta kuma fi ta araha da dala ɗari ranar fitowa, 399 da 499, ta yi mata fintinkau. Ita ma PS2 ba daɗin wasa kaɗai ya sayar da ita ba. Ta riga su fitowa da shekara guda, tana karanta faifan DVD a lokacin da na'urar DVD ke da tsada, tana kuma cin faya-fayan PS1. Mutum ya saya don kallon fim, yara su samu gem a kyauta. Saboda haka kada mu mai da tarihi ɗan aikenmu.

Malamin Lissafi, Obalende: Na karɓi Wii U, wannan ta kayar da ni. Amma ka lura, wasanninta masu kyau da aka kwaso aka mayar kan Switch, injin Nintendo da ya biyo bayanta, a nan suka yi kasuwa. Mario Kart 8 na Wii U ne asali. Da aka sake shi a Switch a 2017 ya wuce kwafi miliyan 60. Wasa ɗaya ne, abin da ya canza shi ne injin da mutane suka yarda su saya.

Injiniya, Computer Village: Ka ga kuwa ka dawo kan maganata, inji ma yana da ta cewa.

Baba, Mile 12: Salamu alaikum. Ni ban san su miliyan kaza ba, albasa na sani da tumatir. Amma zan gaya muku abin da idona ya gani. Lokacin da na zo Legas ina saurayi, a ɗakin da muke kwana mu bakwai akwai wani ɗan inji da ake cewa family gem, mai kaset rawaya. A jikin kaset ɗin an rubuta wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara, in ka buɗe wasa bai fi goma ba, sauran duk maimaici ne aka canza musu kala. In ya ƙi kamawa sai a zare kaset a hura masa iska a mayar. Mario, da Contra, da na tankar yaƙi, da na harbin agwagwa. Wallahi muna sauke mota da asuba, jiki duk ciwo, amma mu kai sha biyun dare muna karɓa-karɓa. Akwai wani abokina, Allah ya jiƙansa, in zai tsallake rami a Mario sai ya ɗaga hannun gem ɗin sama har da ƙafarsa, kamar shi ne zai faɗa.

Yanzu jikana yana da babban inji a falo, hoto kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Rannan na zauna kusa da shi kusan rabin awa, ban ga ya yi wasa ba. Ana ta magana da Turanci, ana tafiya, sai ya danna abu ɗaya a ci gaba da magana. Na ce masa ɗana wannan ai fim ne, ka kawo min na agwagwa.

Auta, Idi-Araba: Baba ku yi haƙuri, amma ina ganin ba gem ɗin kuke tunawa ba, ƙuruciyarku kuke tunawa. Da za a kawo muku family gem ɗin yau, minti goma ba za ku yi ba za ku ajiye.

Baba, Mile 12: Yaro ka yi magana. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ƙi ba. Amma dara fa? Rami talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa wancan da kara. Tun kakannin kakanninmu ake yin ta, ba wanda ya ƙara mata kala, kuma gobe in ka zo bayan rumfarmu da la'asar za ka tarar da dattawa sun kewaye ta har ana mantawa da ciniki. Ita ma ƙuruciya ce?

Direban Apapa: Baba kun gama magana 👏

Injiniya, Computer Village: Baba Allah ya ƙara girma, misalinku ya zauna. Amma ku bar ni in rarrabe wani abu da ake cakuɗawa, don kullum a bakin bencina ake wannan musun.

Ƙarfin inji kashi biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, akwai wanda hannu ke ji. Na ido shi ne su 4K, wato tsananin kaifin hoto, da inuwa, da yadda haske ke faɗawa a kan ruwa. Wannan kwana uku ne ka saba, ka daina ganinsa ma. Na hannu shi ne in ka danna maɓalli abu ya faru nan take. Gem hotuna ne ake jerowa da sauri. Wanda ke ba ka hoto 30 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto akwai kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa. Mai hoto 60 rabin haka ne. A rubuce kamar ba komai ba, amma a Tekken ko Mortal Kombat wannan ɗan tsakanin shi ne ka tare naushi ko ka sha shi. To abin da mutane ba su sani ba, Winning Eleven na PS2 da ake yabo, sirrinsa ke nan: ƙwallo na barin ƙafa lokacin da ka ce ta bari. Masu shi sun san iyakar injinsu, suka zuba ƙarfin a motsi maimakon fuska.

Sannan akwai wasan da in babu ƙarfi ba zai taɓa samuwa ba. Super Mario 64 na 1996, da aka fara sakin Mario ya zagaya ko'ina ba dama da hagu kawai ba, family gem ɗin Baba ba zai iya ɗaukarsa ba ko an yi masa addu'a. GTA San Andreas na 2004, garuruwa uku a faifai ɗaya, ka saci mota a nan ka tuƙa har can, sai da PS2 ta zo. Daɗin da kuke tunawa, wani ƙarfi ne ya haife shi a zamaninsa. Ku tuna Cyberpunk 2077 a Disambar 2020. An yi shi don manyan injina aka tura shi kan PS4, ya riƙa sarƙewa, har Sony, kamfanin da ke yin PS, ta cire shi daga shagonta na intanet tsawon wata shida. Labarin wasan bai canza ba, inji ne ya gaza, daɗi ya gudu.

Malamin Lissafi, Obalende: Wannan rarrabewar ta yi min. Amma ga tambaya. Xbox Series X a takarda ta fi PS5 ƙarfi, teraflop 12 da 10 da ɗan ɗoriya. Me ya sa duk layinku na Ikeja PS5 ake tambaya?

Auta, Idi-Araba: Malam mene ne teraflop ɗin ma? Kullum ina faɗa a musu amma wallahi ban san ma'anarsa ba 😅

Malamin Lissafi, Obalende: Allah ya shirye ka Auta. Lissafi tiriliyan ɗaya a daƙiƙa guda, shi ne teraflop ɗaya. PS4 ta farko ba ta kai biyu ba.

Injiniya, Computer Village: Amsar mai sauƙi ce Malam. Ba wanda ya taɓa shigowa shagona ya ce a ba shi teraflop. Cewa ake ina mai God of War, ina mai Spider-Man, ina wadda abokaina ke da ita. A nan kam na ba ka gaskiya.

Maman 'Yan Biyu, Surulere: Sallama gare ku. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma yau sai na sa baki, don duk kuna magana kamar a Landan kuke zaune. Ƙanena ne ya kawo wa yarana Switch da ya dawo daga tafiya. Da farko har na raina ta, na ce wannan ai waya ce aka yi wa kunnuwa. To ga abin da ya faru daren Lahadi. Suna tsakiyar tseren Mario Kart a talabijin, Hassana na gaba, Husaini na binta da kunkuru a hannu zai jefe ta, sai ɗif aka ɗauke wuta. Da wani injin ne da kuka ya tashi. Yarinyar nan ta lallaɓa cikin duhu ta zaro abin daga mazauninsa, suka jingina shi da gwangwanin madara a kan tabarma, kowa ya riƙe ɓarin hannunsa, tseren ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ni ina riƙe da tocila ina kallo har na manta tuwo na kan wuta.

Babban kuma ba abin da yake so sai Minecraft, wanda komai a cikinsa murabba'i ne kamar bulon gini, har tumaki. Na ce masa wannan mummunan abu fa? Ya ce Mama zo ki ga gidan da na gina miki. Har da rijiya da turken awaki.

Malamin Lissafi, Obalende: Hajiya, wannan mummunan abin an sayar da shi sama da kwafi miliyan 300. Babu wani mai kyan hoto da ya kamo ƙafarsa.

Auta, Idi-Araba: Anti ai wannan na yara ne. Mu manya muna maganar gem na gaske.

Maman 'Yan Biyu, Surulere: Auta, kai da ba a haife ka ba a 2000 kake cewa mu manya? Zelda da ya fito tare da Switch ɗin a 2017 shi ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara, a gaban duk masu zufa da ciyawar da kake faɗa. Babansu ma in yara sun yi barci shi yake ɗauka, yana cewa wai dubawa yake ko ya dace da tarbiyya.

Direban Apapa: 😂😂 Alhaji yana aikin sa ido.

Ni dai nawa mai sauƙi ne. Wanda bai taɓa kwana huɗu a layin shiga tashar jirgin ruwa ba bai san darajar gem ba. Mota ba gaba ba baya, ba ka isa ka bar ta ba. Shekarun baya macijin Nokia 3310 ne ya riƙe min hankali, ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe a kan allo, amma in ya yi tsawo har zuciyata bugawa take. Caji ɗaya kwana da kwanaki. Yanzu ludo muke yi a waya ni da yaran mota, wanda aka ci ya sayo shayi da burodin Agege. PS5 ɗinku ta biyo ni Apapa mu gani.

Maman 'Yan Biyu, Surulere: Tunda mai shago na nan, ni ma ina da ƙorafi. Don Allah ku masu gidajen gem ku riƙa korar yara lokacin makaranta da Islamiyya. Ɗan maƙwabciyata kuɗin tara yake haɗawa ya kai can.

Mai Gidan Gem, Agege: Hajiya gaskiyarki, amma ni kam duk Agege an san dokata. Mai kayan makaranta ba ya shigo min, ana kiran salla nake kashe talabijin ko ana bugun fenariti ne. Har gaba wasu suka yi da ni a kan haka.

Admin: Jama'a a dawo kan batu. Maganar tarbiyya mu ba ta ranarta daban, tana da muhimmanci. Mai shago tambaya ya yi, har yanzu ba a ba shi amsa ba.

Injiniya, Computer Village: To bari in ba shi amsar ɗan kasuwa, ba ta ɗan kallo ba.

Oga, abu na farko wuta. PS5 in tana cikin wasa tana jan wajen wat 200, ban da talabijin. Switch ɗin Hajiya ko wat 20 ba ta kaiwa. Maƙwabcinka mai PS5 uku da manyan allo uku da fanka, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Wannan kuɗin a kan wa zai ɗora? A kan yaran da ke biya. Shi ya sa suke dawowa wurinka, ba wai don sun ƙi kyan hoto ba, aljihu ne ya yi magana.

Na biyu data. Manyan wasannin yanzu wani ya haura gig 100, kuma ka kunna da safe ya ce sai ya sabunta kansa kafin ya buɗe, kwastoma na tsaye. Super Mario na 1985 gaba ɗayansa kilobait 40 ne, hoton da kuke turowa zauren nan na barka da Juma'a ya fi shi nauyi.

Na uku talabijin. In ka haɗa PS5 da allon da ba 4K ba, ka sayi doki ne ka ɗaure shi a ɗaki. Kuma me yaranka ke bugawa? Ƙwallo. FC 24 da FC 25 duk sun fito a PS4. Akwai bambancin motsi da na PS5, ban musa ba, amma wanda aka zura wa uku ba ya tsayawa duba ciyawa.

Na huɗu gyara, wannan kuwa abincina ne. Hannun PS5 tsada gare shi, kuma yaran gidan gem ba sa tausayin hannu, wanda aka ci sai ya huce a kan maɓalli. Ga danshin Legas, ga ƙura. Satin jiya na buɗe wata PS4 da aka kawo wai tana ƙara kamar jirgi zai tashi, na tarar da kyankyasai sun yi unguwa guda a gidan wutarta, har da jikoki.

Auta, Idi-Araba: Injiniya duk na ji, amma kuna maganar yau ne kawai. Spider-Man 2 bai fito a PS4 ba. GTA 6 da duniya ke jira, an riga an faɗa PS5 da Xbox Series ne kawai. Ranar da ya fito, wallahi duk yaran Agege inda yake za su tafi, ko nawa ne kuɗin. A ranar Yaya zai zauna shi da magidantansa da Winning Eleven. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Kuma ku daina cewa ƙarfi na ido ne kawai. Ni abin da ya fi burge ni a PS5 ba hoto ba ne, rashin jira ne. A PS4 in aka kashe ka sai ka tafi ka sha ruwa ka dawo ana lodi. A nan kafin ka gyara zama an dawo da kai. Wanda ke biyan kuɗin awa ya san bambancin.

Injiniya, Computer Village: Yau dai Auta ya faɗi abin da ba zan iya turewa ba. Ma'ajiyar SSD mai saurin lodi da aka sa wa PS5 ita ce babban canjin, ba teraflop ba. Wannan ƙarfi ne da hannu ke ji.

Malamin Lissafi, Obalende: Amma Auta ka lura da abin da ka faɗa da bakinka. Ba ka ce za su bi PS5 ba, cewa ka yi za su bi GTA. Ita Sony ɗin a 2024 ta fitar da wani wasan harbi mai suna Concord, hoto ba a magana, an kashe masa dukiya, sati biyu kacal aka rufe shi aka mayar wa mutane kuɗinsu saboda ba masu bugawa. A shekarar dai ta fitar da Astro Bot, ɗan mutum-mutumi mai tsalle-tsalle irin na Mario, shi ya zama gwarzon shekara. Inji ɗaya ne ya ɗauki su biyun.

Auta, Idi-Araba: To ai Astro Bot ɗin ma a PS5 yake Malam, ba a family gem ba 😎

Baba, Mile 12: Wannan yaron da lauya ya karanta da ya yi kuɗi.

Mai Gidan Gem, Agege: Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin tunani. Bari in gaya muku abin da na lura da shi jiya, don tun da Injiniya ya yi maganar ido da hannu nake juya shi. Waɗanda ke kan PS2 ɗin su takwas ne, hannu biyu kacal. Shida ba sa bugawa, amma ba wanda ya fi su hayaniya. An yi doka ba mai ɗaukar Inter, saboda Adriano in ya saki ƙafar hagu daga tsakiyar fili sai dai gola ya yi salati, ga Obafemi Martins, ɗan Legas ɗinmu, yana gudu kamar an biyo shi. Wani mahauci daga Oko-Oba ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba, aka yi ta rantsuwa wai haramun ne. Mai sharhi na ta ihu da Japananci, ba mai jin ko kalma ɗaya, amma kowa na maimaitawa. Da faifan ya tsaya a jan allon nan na ƙin karantawa, sai ɗaya ya cire shi ya goga a rigarsa, ya hura, aka yi tsit ana jira kamar sakamakon asibiti. Da tambarin ya fito har tafi aka yi. Akwai wanda ke da Master League, wato gasar da kake gina ƙungiyarka da kanka, a katin ajiyata mai meg 8 tun bara, ya fara da su Castolo da Minanda, 'yan wasan da gem ɗin ke fara ba ka, yanzu ba ya yarda kowa ya taɓa katin, shi ya saya masa 'yar jaka.

A ɗaya ɓangaren kuma na leƙa shagon yaron nan rannan, don gani ya kori ji. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba hassada. Amma kowa da abin ji a kunne, yana wasa da wani a intanet da bai taɓa gani ba, shiru kamar ɗakin jarrabawa.

Direban Apapa: Kai, Castolo! Ka tuna min da nisa. Mutumin nan ya ci min kofi ya fi sau goma.

Injiniya, Computer Village: To Oga ka riga ka san abin da kake sayarwa. Shawarata kada ka taɓa PS4 ko ɗaya yanzu, PS2 kuwa ko da wasa. Ka shiga adashe, in ka kwasa ka ɗauko PS5 guda da allon da ya dace da ita, ka sa mata kuɗinta daban, saboda ranar da Auta ke faɗa tana zuwa. In za ka saya ta hannu, a Alaba ne ko a nan wurinmu, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka ta yi awa guda tana wasa mai nauyi, ka ji ƙarar fanka, ka jijjiga wayar HDMI ka ga ko hoto zai ɗauke.

Maman 'Yan Biyu, Surulere: Ka kuma gwada Switch ɗaya da Mario Kart, mutum huɗu ke bugawa lokaci guda a allo ɗaya. Kuɗin mutum huɗu a wutar da ba ta kai ta fanka ba.

Mai Gidan Gem, Agege: Hajiya wannan lissafin ya fi na Malam shiga kaina 😂 Sai dai yaranmu in ba ƙwallo ko faɗa ba, sai a hankali. Zan tambayi farashi dai.

Auta, Idi-Araba: Ni har yanzu ina kan bakana. Amma tunda an ce hannu ne ba ido ba, Oga Direba ina gayyatarka ranar Asabar bayan isha'i a shagon Yaya. A PS2 ɗin taku, a gidanku zan ci ku. Wanda aka ci ya sayi tsire na zaure.

Direban Apapa: In na fito daga layi kafin Asabar na amsa. Brazil zan ɗauka, kuma Roberto Carlos a gaba zai buga, kowa ya ji tun yanzu.

Baba, Mile 12: Ni zan zo da albasar tsiren. In an gama kuma a share min ƙasa a ƙofar shago, Auta ya zauna mu yi dara ɗaya.

Auta, Idi-Araba: Baba wannan kam ku yafe ni. Yaya, hannun PS2 ɗin duk maɓallansa na aiki kuwa? Kada a ci ni a ce ban iya ba.

Mai Gidan Gem, Agege: Baƙin lafiyarsa ƙalau. Mai salatif ɗin ne R1 ɗinsa sai ka danne da ƙarfi kafin ɗan wasa ya yi gudu. Wanda ya riga zuwa shi zai zaɓa.